Amsar Tambayarka Kan Tamburan Rediyo da Ke Jikin Akwatunan Zubi

Ɗana, ka tambaye ni abu biyu game da tamburan rediyo da aka ɗaura a jikin akwatunan zubi, wato akwatunan ƙarfe da ake daka yashi a ciki, na sama da na ƙasa, a bar ramin siffar kaya a tsakani a zuba narkakken ƙarfe. Ka ce yaya abin da yake ɗauke da ƙwayar lantarki zai tsira a kusa da narkakken ƙarfe, sannan ka ce mene ne amfaninsa, tunda tun kaka da kakanni da alli ake rubuta lamba a jikin akwati kuma aiki bai tsaya ba. Tambaya ta biyu ta fi nauyi, amma amsarta ba za ta zauna maka ba sai ka fahimci ta farko.

Tambarin nan da ake kira RFID ba shi da batir. Abin da ke cikinsa 'yar ƙwayar lantarki ce da eriya. Na'urar karantawa ita ke watso igiyar rediyo, eriyar ta kama, ƙwayar ta sami ɗan ƙarfin da zai ishe ta ta mayar da lambarta, kamar yadda katin banki yake yi idan an kara shi a jikin na'urar POS ba tare da an zura shi ba. Shi ya sa ƙura da baƙin yashi ba sa hana shi aiki, alhali rubutun alli gogewa yake yi, takardar lamba mai layi-layi kuwa kafin ta gama zagaye ɗaya ta ƙone ko ta dusashe.

Batun zafi kuwa, ka riƙe waɗannan lambobi. Ƙarfen zubi muna zuba shi yana kusan digiri 1,400 a ma'aunin Selshiyos, alminiyam kuma yana narkewa a digiri 660. Ƙwayar lantarki ta yau da kullum iyakar aikinta kusan digiri 85 ne, waɗanda aka lulluɓe da tangaran ko roba mai jure wuta kuwa suna iya ɗaukar digiri 200 zuwa 250 na ɗan lokaci ba su mutu ba, ko da yake sai sun huce ake karanta su yadda ya kamata. Ke nan babu tambarin da zai kusanci ramin da ƙarfe ke shiga. Abin da ya taimake mu shi ne yashi ba ya saurin isar da zafi, saboda haka bangon akwati na waje a hankali yake ɗaukar ɗumi. Amma ka lura, ba a lokacin zubi bangon yake kaiwa matuƙar zafinsa ba, sai can a layin hucewa bayan zafin ya gama ratso yashin, don haka a can ake auna shi kafin a zaɓi irin tambarin da za a saya.

Ka je ka tsuguna gaban akwati ɗaya ka duba da kyau. Za ka ga an sa tambarin ƙasa-ƙasa, a gefen da ya yi nisa da bakin zubi, cikin ɗan gurbi tsakanin haƙarƙarin ƙarfen akwatin, an kuma yi masa waldar 'yar rumfa daga sama domin tartsatsi da ƙarfen da ya malalo su zame su wuce. Fuskarsa a buɗe take, domin igiyar rediyo ba ta ratsa ƙarfe, kuma duk wanda ya rufe fuskar da faranti wai don ya kare shi to ya hana shi magana ne. A bayansa akwai 'yar tazara da ta raba eriya da jikin akwati, domin ƙarfen da ya manne da eriya yana ɓata mata saiti. Ka taɓa notocin da suka riƙe shi, domin girgizar wurin kakkaɓe yashi daga jikin kayan da aka zuba ta fi zafin wuta yawan zubar mana da tambura.

Tamburan ba iri ɗaya ba ne, sun bambanta a mitar igiyar rediyon da suke aiki da ita, wadda ake aunawa da kilohaz ko megahaz. Akwai masu aiki a kilohaz 125 zuwa 134, akwai na megahaz 13.56, irin na katin banki, akwai kuma na megahaz 860 zuwa 960 waɗanda ake karantawa daga nisan mita da yawa. Mai sayarwa zai yi maka tallan na ukun saboda nisansa, amma a layin zubi nisan nan matsala ne, domin akwatuna a jere suke kafaɗa da kafaɗa, igiyar kuma tana dukan ƙarfe ta karkata, sai na'ura ta karanta akwatin maƙwabci ta ɗora masa bayanin da ba nasa ba. Ga shi kuma danshi yana shanye irin wannan igiya, alhali yashinmu da yumɓu da ruwa ake kwaɓa shi. A ra'ayina, a tashoshin layi a sa mai gajeren zango wanda ba ya jin kowa sai wanda ya tsaya a gabansa, mai dogon zangon a bar shi a ma'ajiyar samfura, wato katakan da ake danna siffar kaya da su a cikin yashi, inda ake neman katako ɗaya cikin ɗaruruwa.

Yanzu ga amfaninsa. Alli yana gaya maka lambar akwati, amma ba ya gaya maka ƙarfe nawa da minti nawa aka zuba shi, ko daga wane ludayi, kuma a nan ne dukiyar masana'anta take salwanta. Ɗauki ƙarfen zubi mai lanƙwasuwa da muke yin kayan mota da mahaɗan bututun ruwa da shi. Tun da Keith Millis ya gano a Amurka a 1943 cewa ɗan sinadarin magnesiyam yana sa girafait, wato baƙin sinadarin kabon da ke cikin ƙarfe, ya dunƙule maimakon ya baje falle-falle, masu zubi suke fama da abu guda: ƙarfin magnesiyam ɗin yana gushewa tun daga lokacin da aka saka shi. Shi ya sa yawancin masana'antu suke ƙayyade wa kansu kamar minti 10 zuwa 15 a gama zube ludayi. A ce ludayi ɗaya ya cika akwati 12, sai aka sami tsaiko a layi, huɗu na ƙarshe suka sha ƙarfen da ya wuce lokacinsa. A ido ba za ka bambanta su da sauran ba, sumul za su fito, amma ƙarfensu ya yi gautsi, zai iya karyewa a inda ya kamata ya lanƙwasa. Idan ɗakin gwaji ya aiko da sakamako mara kyau kuma babu rikodi, sai dai a killace aikin yini guda a bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko a mayar da shi duka tanderu. Idan kuwa na'ura ta karanta kowane akwati a wurin zubi ta haɗa lambarsa da lambar ludayi da mintin da aka zuba, waɗannan huɗun kawai za a ware. Wannan ba batun kuɗi ba ne kaɗai, domin abin da muka zuba a nan wani ne zai hau titi da iyalinsa a kansa.

Haka nan tambarin yake tsare lokacin hucewa, domin kayan da aka kakkaɓe da wuri suna iya tsagewa ko su yi taurin da zai cinye bakin injin gyara. Da tambari, kwamfuta ba za ta buɗe wa akwati hanyar wurin kakkaɓa ba sai lokacinsa ya cika.

Sai dai akwai wuraren da sarƙar bayanin take tsinkewa, kuma su nake so ka fi sa wa ido. Akwatin sama da na ƙasa suna rabuwa a wurin kakkaɓa, ba lallai ne su sake haɗuwa a zagaye na gaba ba, don haka ko dai kowanne ya sami nasa tambarin, ko a ɗaura shi a jikin farantin da ke ɗauke da su daga farko har ƙarshe. Dole kuma a rufe bayanin zagaye a daidai wurin, in ba haka ba akwati ya koma da tarihin jiya. Mafi girma shi ne, da zarar yashi ya zube, abin da aka zuba ya rabu da akwatinsa, kuma shi ba shi da tambari. Shi ya sa muke sa lambar rana a jikin samfur domin ta fito a jikin ƙarfen, muna kuma zuba kayan kowane ludayi a kwandon ƙarfe mai nasa tambarin. A layin da ba shi da akwati sam, irin na injunan DISA na ƙasar Denmak, babu ma inda za a ɗaura shi, da ƙirgen matsayin kowane mazubi a layi ake bin su.

Ba kowane gidan zubi ne yake bukatar wannan ba. Masu zubin tukwanen alminiyam a Panteka ta Kaduna, wanda ya daka yashin shi ne ya zuba, shi ne kuma ya fasa, idonsa ya wadatar. Bukatar tana zuwa ne idan akwatuna sun yi yawa kuma aiki yana wucewa daga hannun masu aikin safe zuwa na masu aikin dare.

Ni ban yarda a ajiye bayanin aiki a cikin tambarin kansa ba, lamba kawai ya ɗauka, sauran ya zauna a kwamfuta mai batirin ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta, domin tambari yana mutuwa ba sanarwa. Saboda haka ne aka buga wa kowane akwati lambarsa a jikin ƙarfe. Daga gobe, kafin a kunna layi, ka ɗauki tambarin gwaji ka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowace ta karanta shi, ka goge ƙurar ƙarfen da ta taru a fuskar kowace eriya. Idan akwati ya zo wucewa fitilar tasha ba ta kama ba, ka tsayar da shi, ka shigar da lambar jikinsa da hannu, ka yi masa alama domin a canza tambarinsa, kada ka bari ya isa wurin zubi kafin ka yi haka.