Amsa ga mai son shiga gwanjon littattafai da wasiƙun Tolkien

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce ka ga wani gidan gwanjo a intanet ya fito da kaya biyu na marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, wato littafin The Hobbit da aka rubuta a kansa cewa bugu na farko ne, da kuma wata wasiƙa mai ɗauke da sa hannunsa, kuma farashin da aka fara da shi bai kai yadda ka zata ba, shi ya sa kake tambaya ko ka taya. Na daɗe ina tara littattafan wannan marubuci tun lokacin da nake zaune a Ingila, na saya a gwanjo, na saya a hannun dillalai, an kuma taɓa cutata, don haka zan faɗa maka abin da na sani dalla-dalla. Kada ka taya tukuna. A wannan kasuwa kuɗinka yana tafiya ne a kan hujjar da ke tabbatar da asalin kaya, kuma duk kayan da hujjarsa ba ta cika ba, arharsa ba ta da amfani gare ka.

Bari in fara da littafin, domin a nan ne yawancin sababbin shiga suke faɗawa rami. Masu sayar da tsofaffin littattafai suna bambanta bugu da zubi. Bugu shi ne tsarin rubutun da aka ɗora, zubi kuwa shi ne kowane karo da aka koma maɗaba'a aka sake fitar da kwafi daga wannan tsarin. Kamfanin George Allen & Unwin na Landan ya fitar da The Hobbit ranar 21 ga Satumba 1937, kwafi 1,500 kacal, a kan sule 7 da sisi, kuma kafin ƙarshen shekarar sun ƙare. Wannan shi ne zubi na farko, shi ne kuma wanda ake ta rububinsa. An yi zubi na biyu a Disambar shekarar, aka ƙara masa zane-zane masu launi, sannan aka yi na uku a 1942 da na huɗu a 1946. Duk waɗannan huɗun bugu na farko ne, mai sayarwa bai yi ƙarya ba idan ya kira su haka, amma tazarar farashi tsakanin na 1937 da na 1946 mai girma ce ƙwarai. Sai a 1951 aka yi bugu na biyu, inda marubucin ya sauya babi na biyar, wato haɗuwar Bilbo, jarumin labarin, da Gollum mai zoben sihiri, domin labarin zoben ya dace da babban littafin da yake shirin fitarwa, The Lord of the Rings.

Saboda haka tambayar da za ka aika wa gidan gwanjon ita ce: zubi na nawa ne? Ka nemi hoton bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi, inda ake jera shekarun bugu. Zubi na farko shekarar 1937 kaɗai za ka gani, ba tare da wani layi a ƙarƙashinta da ke ambaton sake bugawa ba, bangonsa kore ne na yadi, kuma zanen da ke cikinsa baƙi da fari ne. Idan ka ga zane mai launi, to ba shi ba ne.

Sai maganar rigar littafin, wato takardar da ake naɗe bango da ita, wadda mu a gida muka saba cirewa mu yar. A wannan kasuwa rigar takan ɗauki kaso mafi tsoka na darajar littafin, domin yara ne suka fara karanta shi, kuma riga ce take fara yagewa a hannun yaro. Tolkien da kansa ya zana ta, da kore da shuɗi da baƙi da fari. Akwai wata alama da masana suka sani: a leɓen rigar na baya an yi kuskuren rubuta sunan Dodgson, wato ainihin sunan Lewis Carroll, marubucin Alice in Wonderland, aka sa masa harafin "e" a tsakiya, sai ma'aikatan kamfanin suka bi kwafin suna soke harafin da tawada. Amma kada wannan alamar ta ruɗe ka, domin akwai rigunan kwaikwayo da ake bugawa yanzu da injin zamani, kuma kuskuren da gyaransa duk suna fitowa a jikinsu. Ana sayar da su a fili domin ƙawata littafin da ya rasa rigarsa, wannan ba laifi ba ne, laifin yana zuwa ne lokacin da wani ya sa ta ya yi shiru. A 2016 ma kamfanin HarperCollins ya fitar da kwafin kwaikwayo na bugun 1937 gaba ɗayansa, kuma a ƙaramin hoto na waya ba kowa zai bambanta su ba.

Don ka san girman abin da ake magana a kai, a watan Yuni 2015 gidan gwanjon Sotheby's na Landan ya sallama wani kwafi na zubin farko a kan fam 137,000. Tolkien ne ya ba da shi kyauta ga Katherine Kilbride, tsohuwar ɗalibarsa a jami'ar Leeds, ya kuma yi mata rubutu a ciki da hannunsa. A 2025 an tsinci wani kwafin a cikin kayan wani gida da ake kwashewa a Bristol, ba shi da riga ma, amma ya tashi a kan fam 43,000. Idan ka riƙe waɗannan alƙaluma a ranka, za ka gane cewa kwafi na gaskiya ba ya ɓoyuwa a gwanjon intanet, domin dillalan Landan da na Amurka suna bin irin waɗannan shafuka kullum safiya. Farashin buɗewa yakan yi ƙasa da gangan domin a jawo masu tayi, amma idan ranar rufewa ta matso farashin bai motsa ba, to masu ido sun duba sun wuce, kuma akwai dalilin da ya sa suka wuce.

Ni a kan The Lord of the Rings aka cuce ni. Littafin ya fito kashi uku: na farko a Yuli 1954, kwafi 3,000, na biyu a Nuwamba 1954, kwafi 3,250, na uku a Oktoba 1955, kwafi 7,000. Bugu na farko ya ci gaba da fita zubi bayan zubi har zuwa 1966, kashi na farko ma ya haura zubi goma. Na ga jerin ukun a wani ƙaramin gwanjo, an rubuta bugu na farko, hotunan sun yi kyau, na taya har na yi nasara ba tare da na nemi rahoton halin da kayan suke ciki ba. Da suka iso sai na tarar kashi na uku ne kaɗai zubin farko, sauran biyun na baya-baya ne, ɗaya kuma an cire masa taswirar da ake ninkewa a ƙarshe, wadda Christopher, ɗan Tolkien, ya zana. Na rubuta musu, suka nuna mini sharuɗɗan da na amince da su kafin tayi, kuma babu wata kalma ta ƙarya a cikin bayaninsu, abin da ba su faɗa ba ne ya ci ni. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin kuɗin na daɗe ina tara su. Tun daga ranar ban sake tayawa ba sai littafin Wayne Hammond da Douglas Anderson na 1993 yana buɗe a gabana, wanda ya bi kowane bugu da zubi na ayyukan Tolkien ya siffanta shi. Kafin ka kashe ko fam ɗaya a gwanjo, ka fara neman wannan littafin.

Wasiƙar da ka ambata ta fi littafin haɗari. Littafi yana da ɗaruruwan 'yan'uwa da za a auna shi da su, wasiƙa kuwa ita kaɗai ce, kuma sa hannun Tolkien yana cikin waɗanda masu jabu suka fi kwaikwaya, saboda kyansa da yadda ya yaɗu a hotuna. Abin da nake fara nema shi ne salsala, kamar yadda malamai suke bin isnadi kafin su karɓi ruwaya: wa aka rubuta wa, a hannun wa ta zauna bayansa, ta yaya ta iso gwanjo? Wasiƙar da ta zo da ambulan ɗinta mai kan sarki da hatimin gidan waya, daga hannun iyalan wanda aka aika wa, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan wadda ta zo da takardar shaida kawai, domin mai ƙirƙirar sa hannu ba zai gaza ƙirƙirar takardar shaida ba. Takardar shaida darajarta daidai take da darajar wanda ya sa mata hannu.

Bayan salsala sai ka auna adireshi da kwanan wata. Tolkien ya zauna a gida mai lamba 20 a titin Northmoor na Oxford daga 1930 zuwa 1947, ya koma titin Manor, sannan Holywell, daga 1953 zuwa 1968 kuma yana lamba 76 a titin Sandfield da ke Headington. A 1968 ya ƙaura zuwa Poole kusa da Bournemouth, ya dawo Oxford ƙarƙashin kwalejin Merton a 1972 bayan rasuwar matarsa Edith, ya kuma rasu ranar 2 ga Satumba 1973. Wasiƙar da ke ɗauke da adireshin Northmoor da shekarar 1955 ta tona asirin kanta. Haka nan idan ka ga The Silmarillion da sa hannunsa, ka wuce kawai, domin littafin bai fito ba sai 1977, shekara 4 bayan rasuwarsa. Sa hannun da zai iya zama na gaskiya a kansa na Christopher ne, wanda ya tace littafin. Ka kuma karanta kundin wasiƙunsa da Humphrey Carpenter ya tace a 1981, mai wasiƙu 354, wanda aka faɗaɗa a 2023. Wanda ya karanta shi da natsuwa zai saba da yadda mutumin yake gina magana, kuma kunnensa zai ji idan wani ne yake ara bakinsa.

Wasiƙun ma ba darajarsu ɗaya ba. Daga tsakiyar shekarun 1960, bayan littattafansa masu taushin bango sun mamaye Amurka, saƙonnin masoya sun yi masa yawa har kamfanin da ke buga littattafansa ya sa ma'aikaciyarsa Joy Hill tana taimaka masa da su, don haka akwai gajerun amsoshi na godiya da aka buga da tafireta, masu kama da juna. Irin waɗannan suna da kasuwa, amma ba za a haɗa su da wasiƙar da ya rubuta da hannu yana bayanin asalin wani suna ko nahawun harsunan da ya ƙirƙira ba. A ganina gara layi goma da suke faɗin wani abu a kan aikinsa da shafi guda na gaisuwa. Abin da nake gudu gaba ɗaya shi ne sa hannun da aka yanko daga wata takarda aka manna a cikin littafi, domin an raba shi da duk abin da zai ba da shaida a kansa. Ka kuma sani cewa mallakar wasiƙa ba ta ba ka izinin wallafa abin da ke cikinta ba, wannan haƙƙin yana hannun magadansa.

Game da kayan tarihi irin su lofe ko alƙalami ko kujera da ake cewa nasa ne, maganata gajeriya ce. Manyan abubuwa sun daɗe da shiga hannun cibiyoyi. Jami'ar Marquette da ke Milwaukee a Amurka ta sayi rubuce-rubucen hannu na manyan littattafansa biyu tun 1957 a kan fam 1,500, ɗakin karatu na Bodleian a Oxford yana riƙe da sauran takardunsa da zane-zanensa, teburin da ya yi rubutu a kansa kuma yana kwalejin Wheaton a jihar Illinois. Lofe ba ya ɗauke da rubutun kowa, idan ba daga iyalinsa ya fito da shaida a rubuce ba, lofe ne kawai.

Idan har ka gamsu za ka taya, ka yi lissafi kafin ranar. Farashin da aka buga guduma a kansa ba shi ne abin da za ka biya ba. Gidajen gwanjo suna ɗora la'adar mai saye, wadda a yawancinsu takan kai kashi 25 cikin 100 ko ta haura, wasu shafukan intanet suna ƙara tasu a kai, ga kuɗin jigila da inshora, ga kwastan idan gida za a kawo, ga kuma canjin fam da naira wanda zai iya motsawa tsakanin ranar tayi da ranar biya. Ni nakan rubuta iyakata a takarda, in cire duk waɗannan, abin da ya rage shi ne tayina na ƙarshe, kuma nakan bar shi a rubuce a wurin gidan gwanjon maimakon in zauna ina danna waya, domin zafin takara yana sa mutum ya wuce ƙarfinsa. Ka karanta sharuɗɗan mayar da kaya kalma bayan kalma, musamman wa'adin da suka bayar idan aka gano jabu.

Ka yi tunanin ajiya ma tun yanzu. Da na dawo da littattafaina gida na ga yadda hunturu yake busar da gam ya sa bango ya lanƙwashe, damina kuma ta kawo laima da ɗigon tsatsa a takarda, ga gara da kyankyasai. Ina ajiye su a kabad mai ƙofa, nesa da bango da hasken taga, kowace riga a cikin leda mai tsabta wadda aka yi don wannan aiki, kuma ban taɓa kusantar da salatif ga littafi ba, domin tabonsa ba ya fita.

Da ni ne kai, da na bar waɗannan kaya biyu na fara da abin da ƙarfina zai ɗauka: zubin baya-baya na The Lord of the Rings mai rigarsa ta asali, ko bugunsa da kamfanin Ace na Amurka ya fitar a 1965 ba da izinin Tolkien ba, ko The Silmarillion na 1977 da aka buga da yawa har yanzu bai yi tsada ba. Da su ne hannunka zai saba da takarda da tawada na wancan zamani. Amma tunda zuciyarka tana kan waɗannan, ka aika wa gidan gwanjon ka nemi hoton bayan shafin suna, da leɓen riga na baya, da wasiƙar gaba da baya tare da ambulan ɗinta, da bayanin hannun da ta fito. Idan sun turo, ka sa su a nan mu duba tare kafin ranar rufewa.