Me ya sa kujerar shari'a ba kowa a kanta?

Tambaya: Malam, na ga hoton rufin cocin Wies da ke Bavariya a Jamus. An zana kursiyin shari'a, amma ba kowa a kai. Mantuwa aka yi?

Amsa: 'Yar'uwa, da gangan ne. Johann Baptist Zimmermann ya zana shi, ƙanensa Dominikus kuma ya gina cocin daga 1745 zuwa 1754. Duba tsakiya da kyau: Yesu na zaune kan bakan gizo, alamar alkawarin da Allah ya yi wa Nuhu bayan ruwan tsufana. Can ɗaya gefen ga ƙofar lahira a rufe. Wato ranar hisabi ba ta zo ba tukuna, masu ziyara na da sauran damar tuba. Ni dai wannan rufaffiyar ƙofa ta fi komai taɓa zuciyata, har na fi daɗewa ina kallonta.