Motar asibiti a Makka ba ta kansila ba ce

Assalamu alaikum ɗana, ko in ce ranka ya daɗe Kansila, tunda yanzu an girma. Saƙonka ya iso. Ka ce majalisarku ta ƙaramar hukuma ta samu motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya, an yi ta zama an kasa tsayar da magana a kanta: wa zai riƙe makulli, wa zai zuba mai, a karɓi kuɗi ko a bar ta kyauta, a ɗauki gawa da ita ko kada a ɗauka. Kana so ka ji yadda majalisar birnin Makka ta tsara nata, da kuma inda mu Hausawan nan muke sa baki.

Amsar farko ba lallai ta yi maka daɗi ba. A nan babu wata majalisar birni da ke da motar asibiti, balle ta zauna ta yi mata doka. Is'af, wato motar gaggawa, tana hannun hukumar Hilal Ahmar, wato hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya (Red Crescent), kuma hukumar ta ƙasa ce baki ɗaya. Tsarin da ma'aikacinta yake bi a Makka shi abokin aikinsa yake bi a Tabuka da Jizan. Abin ma a garin nan ya samo asali. A shekarar 1353 ta Hijira wasu mutanen Makka suka kafa ƙungiyar agaji don ɗaukar alhazan da suka faɗi, sai a 1963 aka mayar da aikin na ƙasa da sunan Hilal Ahmar. Lambarsu 997, yaro ɗan firamare ya haddace ta. Tun 2016 kuma yankin Makka ya samu 911, wadda ta haɗa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu kula da hanya a ɗaki ɗaya, ita ma in ka kira za su sada ka da is'af.

Dokokin nata ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Kyauta ce, ba a tambayarka kuɗin mai, ba a tambayarka ɗan wace ƙasa ne kafin a taso. Wanda ya ɗaga wayar zai tambaye ka inda kake, da abin da ya samu mara lafiya, yana numfashi ko ba ya yi, yana cikin hayyacinsa ko ya fita, wani lokaci ya riƙa gaya maka abin da za ka yi har motar ta iso. In sun ɗauka, asibiti mafi kusa da ke iya karɓar irin ciwon za su nufa. A nan ne mutanenmu suka fi yin gardama da su, don kowane gida da asibitin da ya saba da shi, da likitan da tsohuwa ta yarda da hannunsa. Ba sa saurare, kuma ni ina ganin gaskiyarsu. Motar da aka mayar tasi ta yi nisa, lokacin da mai bugun zuciya zai kira ba ta nan. Haka nan ba ta kai mutum ganin likita na alƙawari. Ɗaukar majinyaci daga wannan asibiti zuwa wancan kuma, galibi aikin motocin asibitocin ne da kansu. Wanda zazzaɓi ya dame shi da dare yana neman shawara kawai, akwai 937 ta ma'aikatar lafiya. Direban da ya ji jiniya ya ƙi kaucewa, tara ce take jiransa.

To me majalisar birni take yi ke nan? Ka fara cire hoton ciyaman da kansiloli daga ranka. Birni kamar Makka ko Jidda yana da Amana, wato babbar hukumar gari, da ƙananan ofisoshin baladiyya, wato na ƙananan hukumomin gari, a ƙarƙashinta. Shugabanta, Amin, naɗa shi ake yi, ba a zaɓensa. A gefenta aka ajiye majalisar baladiyya don ta sa ido ta ba da shawara. An fara zaɓen 'yan wannan majalisa a 2005, rabi zaɓaɓɓu rabi naɗaɗɗu, maza zalla. Aka sake a 2011. A Disamban 2015 aka ɗaga zaɓaɓɓun zuwa kashi biyu bisa uku, mata suka jefa ƙuri'a suka kuma tsaya takara karo na farko, kusan ashirin suka ci a faɗin ƙasar, cikinsu har da Salma bint Hizab al-Utaibi a Madraka, nan yankin Makka. Daga wannan ba a sake zaɓe ba, wa'adin majalisun kuma ya ƙare a ƙarshen 2021. Babu jam'iyya, babu tuta, babu gangami da kiɗa. Ɗan takara ya kafa tanti, ya yanka tumaki, ya gayyato malami ko mawaƙin baka na ƙabilarsu, shi ke nan kamfe.

Lokacin da 'yan majalisar suke aiki, zamansu na wata-wata ne, kuma da ka ga abin da suke tattaunawa da ka yi hamma. Kasafin baladiyya, rahoton kamfanin kwasar shara, wane titi za a fara zuba wa kwalta, fitilun da suka mutu a unguwa kaza, mayanka, kasuwar kayan miya, lambun wasan yara, tudun rage gudu a gaban makaranta. Su yi ƙuri'a, a rubuta, a miƙa wa Amana. Ba su da ikon korar Amin, ba su da iko a kan asibiti ko makaranta ko ɗan sanda, waɗannan duk na ma'aikatun Riyad ne. Lokacin ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, da ta ci mutum fiye da ɗari, akwai zaɓaɓɓiyar majalisa a garin, amma Sarki Abdullahi ne ya kafa kwamitin bincike. Wannan ya ishe ka gane nauyinta.

Duk da haka kada ka raina wannan zama mai sa hamma, don a nan gizo yake saƙa. Motar Hilal Ahmar tana tasowa da wuri, ma'aikatanta sun san aikinsu, amma iyakarta inda titi ya tsaya. Mu kuwa ka san inda kakanninmu suka sauka. Da suka tako da ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin, ba a tsakiyar gari aka ba su wuri ba. Gefe suka samu da kan duwatsu: Jarwal, Misfala, Hindawiyya, Tandubawi, Hosh Bakar, da kewayen Shara Mansur, wato titin Mansur. Gida a kan gida, lungu mai faɗin kafaɗa biyu, matakala tana hawa dutse tana karkacewa. Gidan da na tashi, ko akuya sai ta huta kafin ta kai ƙofarsa. A irin wannan wuri, hukuncin baladiyya na faɗaɗa wata hanya, ko sa fitila a wata kwana, ko hana mai shago zuba kaya a bakin lungu, shi yake raba mai rai da gawa.

Saboda haka muka yi wa kanmu tsari, babu wanda ya rubuta shi, amma kowa ya sani. In ciwo ya tashi a gida, mutum ɗaya ne yake riƙe waya, wanda Larabcinsa ya fi fita, kada a cika wa ma'aikaci kunne. Ba a kwatanta gidan, don kwatancensa ba ya ƙarewa. Sunan masallacin da ke bakin titi ake bayarwa. Sai a tura saurayi ya tsaya a can yana ɗaga hannu, wani kuma ya bi masu motocin da suka toshe bakin lungu yana buga musu ƙofa. Kafin motar ta iso, maza huɗu sun ɗora mara lafiya a kujera ko bargo sun fara saukowa da shi, sai a haɗu da ma'aikatan a tsakiyar matakala. In mace ce, tsohuwar gidan ta riga ta lulluɓe ta, an kuma san wadda za ta bi motar, da katin shaida da jakar magungunanta a hannu. Wannan jakar tana rataye a bayan ƙofa a duk gidan da ke da mai ciwon suga ko hawan jini.

Yanzu abin ya yi sauƙi ga masu waya. Hukumar gidan waya ta ba kowane gini adireshin ƙasa, akwai ma gajerensa, haruffa huɗu da lambobi huɗu. Hilal Ahmar tana da manhajarta mai suna As'ifni, ka danna ta nuna musu inda kake tsaye. Jikokina ba su san wahalar kwatance ba. Sai dai hanyoyi masu faɗin da muka daɗe muna roƙo sun zo ta fuskar da ba mu zata ba. Babban aikin titi da gine-gine da ake kira Masar, wanda ya miƙe daga mashigar yamma zuwa kusa da Harami, ya bi ta kan tsofaffin unguwanninmu. A Jidda kuma daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwannin Ghulail da Petromin da Karantina da Sabil da Kandara da wasu da dama. Ɗan ƙasa mai takardar gida ya samu diyya. Ɗan haya ya tattara ya nemi wani wuri. Yau mota tana zuwa har ƙofar gidan da nake, da na'urar hawa bene da komai, amma maƙwabcina ban san sunan mahaifinsa ba, kuma in na faɗi ban ga maza huɗun da za su taru kafin a kira su ba. Ba na cewa a mayar da mu kan dutse. Ina gaya maka ne cewa wannan babban hukunci daga sama ya zo, ba a zauren majalisar baladiyya aka yanke shi ba.

Ka tambaya ko Hausawa suna da wakili. Ka sani mu nan ba kala ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa, masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi, irinsu Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙasar. Waɗannan su suke da ƙuri'a lokacin da ake zaɓe, kuma ba sa tsayawa da sunan Hausa, da sunan unguwa suke tsayawa. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, wasu a nan aka haifi iyayensu amma fasfonsu na Najeriya ne ko Nijar ko Chadi. Su ba su da ƙuri'a, asibitinsu kuma yana rataye da inshorar da mai gidan aikinsu ya yanka musu. Sai kuma waɗanda ba su da takarda ko kaɗan. Motar ba ta hana kowa shiga, amma tsoron abin da zai biyo baya yana hana su kira. An sha ɓoye mai naƙuda a ɗaki ana jiƙa mata rubutu har abu ya ɓaci, wannan kowa a cikinmu ya san gidan da ya faru. Shi ya sa ba na manta ƙarshen Maris na 2020. A kwanakin da aka kulle Hosh Bakar da Misfala da Ajyad da wasu unguwanni saboda korona, aka sanar da umarnin Sarki Salman cewa a yi wa kowa maganin cutar kyauta, har da wanda ya saɓa dokar zama. Sai da limamai da dattawa suka yi ta maimaita wa mutane kafin wasu su yarda ba tarko ba ne.

Wanda muke gani ido da ido shi ne umda. Kusan mai unguwa ne, amma ma'aikaci ne mai albashi a ƙarƙashin 'yan sanda, yana da ofis da hatimi, shi yake shaida cewa wane mazaunin unguwarsa ne. In muna da buƙata, bayan sallar isha'i dattawa suke tsayawa a masallaci su daidaita baki, a sa malamin makaranta ya rubuta takardar koke da Larabci mai kyau, 'yan ƙasa a cikinmu su sa hannu, a bi ta wurin umda ko a kai ofishin baladiyya. Ƙananan abubuwa kuwa, kwandon shara da ya cika, ramin titi, fitilar da ta mutu, sai a kira 940. Suna ba ka lambar ƙorafi, kuma dabarar ita ce gida goma su kira a kan abu ɗaya. Ban ɓoye maka ba, akwai gidajen da kalmar baladiyya ba ta nufin komai sai motar da ke zuwa ta kwashe tiren gyaɗa da farfesun mata masu talla a bakin titi. Mai tsiren da ya yi rajistar shago, ya yanki katin lafiya na masu sayar da abinci, yana barci lafiya. Gwaggon da ke riƙe marayu da tiren gyaɗa ba ta da wannan hanya, kuma ban taɓa jin an warware matsalarta a wani zama ba.

Saura maganar gawa, wadda ka ce ita ta fi raba kanku. A nan an raba aikin gida biyu. In mutum ya cika a gida, ma'aikatan is'af za su duba su tabbatar, amma motarsu ta masu sauran numfashi ce, ba ta kai kowa makwanci. Sai a sanar da 'yan sanda, a samo takardar likita da izinin binnewa. In mamacin mai iƙama ne, ana buƙatar takarda daga ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda, kuma a nan ne dattawanmu da suka san ƙofofi suke da rana. Daga nan kuma aikin Amana ne, don maƙabartu a hannunta suke, da wuraren wankan gawa da motocinsu na daban, ga kuma ƙungiyoyin sa-kai da ke yi saboda Allah. A yi wanka, a kai Harami a sallace shi bayan farilla, a wuce da shi, yawanci maƙabartar Shara'i a yanzu, don ta Ma'alla ba kowa yake samu ba. Kwana uku ana jera kujeru a ƙofar gida tsakanin magariba da isha'i, ana zuba gahawa, maƙwabta suna ɗauke wa gidan girki.

In za ku rubuta dokar motarku, ku fara da wannan rabuwar, ko da tsohuwar a-kori-kura za ku ware wa gawa. Sannan ka sa a zaga mazaɓarka a rubuta sunan masallacin da mota take iya isa a kowace unguwa, a ba direba takardar ya ajiye a gabansa. In kun gama daftarin ka turo mini in gani. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zamzam ɗinta yana nan sai an samu mai tahowa.