Allurar HPV ga 'yar shekara 11: a bari a yi mata?

Hajiya, kin ce ma'aikatan lafiya sun zo makarantar 'yarki a Kubwa yin allurar HPV, ta rigakafin sankarar bakin mahaifa, kin hana, don an ce allurar tana hana haihuwa. Ki sa hannu a takardar. Ni tawa an yi mata, hannun ya yi tsami kwana biyu, shi ke nan.

Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo kusan duk sankarar bakin mahaifa, nau'i na 16 da 18 kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Tun Oktoba 2023 ake yin allurar kyauta a Abuja ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya tak. An zaɓi wannan shekarun ne don ta riga cutar shiga jiki. Zancen hana haihuwa kuwa, haka aka yi ta yaɗawa kan allurar shan-inna.

Amma kada ki ɗauka allurar HPV tana karewa daga sankarar ƙwan mace. Wannan daban ce, kuma ba ta da gwajin da ke kama ta da wuri. In ciki ya yi ta kumburi, ko loma uku kin ƙoshi, har makonni, je asibiti.

Ke kanki yaushe rabonki da gwajin bakin mahaifa?