Tambaya da Amsa: Shiga kotu ba tare da lauya ba

Tambaya: Na ranta wa wani kuɗi, shekara biyu ke nan yana yi mini yawo da hankali. Ba ni da halin ɗaukar lauya. Zan iya kai ƙara da kaina?

Amsa: Za ka iya, Malam. A shari'ar kuɗi da dukiya, galibin ƙasashe sun yarda mutum ya tsaya wa kansa. Sai dai akwai abu biyu da kan kashe ƙara tun ba a saurare ta ba. Na farko wa'adi. A Ingila, alal misali, dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta ba da shekara 6 don neman bashi, shekara 3 kan raunin jiki, kuma idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani abu kafin wa'adin ya cika, lissafi kan koma farko. Ka binciki wa'adin ƙasarka. Na biyu hurumi: kowace kotu tana da iyakar kuɗin da za ta saurara da yankin da ikonta ya kai. Tambayi magatakardan kotu ko akwai kotun ƙananan ƙararraki, domin an tsara ta ne saboda marasa lauya.

Fara da wasiƙar neman biya mai ɗauke da adadin kuɗin, da ranar da ka bayar, da wa'adin biya, kamar kwana 14. Ajiye kwafi. Wajen rubuta ƙara, tabbatar da sunan wanda kake ƙara: idan kamfani ka ranta wa, kamfanin za ka kai, ba manajansa ba. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, na kotu, na abokin shari'a, da naka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sammaci. Muddin babu shaidar cewa ya isa hannun wanda ake ƙara yadda doka ta tanada, alƙali ba zai ci gaba ba, sai ɗage zama. In ma an yanke hukunci a haka, ana iya soke shi daga baya. Ba da adireshi cikakke, ka kuma koma rajista kafin ranar zama ka ga an saka shaidar miƙawa a fayil. Sannan ka sani hukunci ba kuɗi ba ne: in ya ƙi biya, sai ka sake neman kotu ta zartar, ta hanyar kama kadara ko riƙe kuɗinsa a banki.

Tambaya: Ina da gaskiya, amma alƙali ya yi ta katse ni, ya kuma ƙi karɓar saƙonnin da ke wayata. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Malama, kotu ba ta auna gaskiya da yawan magana, da hujja take aunawa. Alƙali kan katse mutum idan ya shiga ba da labarin abin da aka gaya masa, ba wanda ya gani ko ya ji da kansa ba. Wanda ya gani shi za ki kawo ya ba da shaida. Saƙon waya kuwa, ki buga shi a takarda yadda lambar mai aikowa da kwanan wata za su fito, ki kawo hirar gaba ɗayanta ba tsakure ba, ki zo da wayar. Wasu ƙasashen suna neman takardar tabbatar da sahihancin abin da aka ciro daga na'ura, don haka ki tambaya tun da wuri.

Rubuta abin da ya faru a shafi ɗaya, rana bayan rana, kowace rana da lambar takardar da ke tabbatar da ita. Idan aka ba ki damar yi wa shaidan ɗaya ɓangaren tambayoyi, tambaya za ki yi, gajera, ba musu ba. Duk abin da ya faɗa kika bar shi bai sha tambaya ba, ana iya ɗauka kin yarda. In an riga an yanke hukunci, wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, a Ingila kwana 21 ne a yawancin shari'o'in kuɗi, kuma ba a cika yarda a kawo sabuwar hujja a can ba.

Tambaya: Ɗan'uwana zai iya zama kusa da ni ya taimaka mini?

Amsa: A Ingila, tun shari'ar McKenzie ta 1970, an yarda wani ya zauna kusa da kai, ya rubuta abin da ake faɗa, ya tsara takardu, ya ba ka shawara a hankali. Ba zai yi wa alƙali magana a madadinka ba sai da izini. A wasu wuraren, nemi izinin tun farkon zama.

Tambaya: Su kotunan fa, me ya kamata su gyara?

Amsa: Da yawa, kuma mafi amfaninsu ba masu tsada ba ne. Fom da sammaci cikin harshen da mutane ke ji, da saƙon tunatarwa ta waya kafin ranar zama, da teburin taimako a harabar kotu. Ma'aikatan rajista kan ƙi amsa tambaya don gudun a ce sun ba da shawarar lauya, alhali gaya wa mutum wane fom zai cike da ranar da wa'adi zai cika bayani ne kawai. A rubuta musu iyakar da ke tsakanin bayani da shawarar lauya, tsoron zai ragu. A New York, a 2014 aka fara horar da mutanen da ba lauyoyi ba su raka masu shari'ar haya da bashi. Lardin British Columbia na Kanada ya buɗe kotun intanet a 2016 wadda ke farawa da sulhu kafin hukunci. Mu dai a ganinmu intanet ƙari ce, kada ta maye gurbin teburin taimako, domin wanda ya kasa biyan lauya sau da yawa shi ne ba shi da kwamfuta. A kuma ƙyale lauyoyi su sayar da aiki guntu, kamar duba takarda ko halartar zama ɗaya, maimakon ɗaukar shari'ar dungurungum.