Yadda ake sarrafa aikatau "tirarse" a Sifaniyanci

Malama, kin tambayi yadda za ki ce "na jefa kaina cikin ruwa" da Sifaniyanci, kuma wai "se" ɗin ƙarshen tirarse ne ke rikita ki. To, wannan "se" shi ne "kai" ɗin da muke cewa a "kaina, kanki, kansa". Ki cire shi, ki sa wanda ya dace a gaban aikatau: me tiro (ni), te tiras (ke ko kai), se tira (shi ko ita), nos tiramos (mu), os tiráis (ku), se tiran (su).

Idan abin ya wuce: me tiré, te tiraste, se tiró. Amsarki ke nan: me tiré al agua. Don Allah ki kula da alamar nan ta saman wasali, domin tiro "ina jefawa" ne, tiró kuwa "ya jefa".

A umarni ne mutane suka fi tuntuɓe. In za ki ce "jefa kanki!", sai wakilin sunan, wato "te", ya koma baya ya manne: tírate. In hani ne, ya dawo gaba: no te tires.

Ana kuma amfani da lanzarse da wannan ma'anar, amma "z" na zama "c" a me lancé. Shi kuwa os tiráis na ƙasar Sifaniya ne. A Meziko ustedes se tiran za ki ji.