Ni firogramin na zo koya, me ya haɗa ni da lissafin diskirit?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, an saka mana kos ɗin diskirit, wallahi kaina ya kulle. Ni fa firogramin na zo koya ba lissafi ba, wai dole ne sai da shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Dole ne kam, kuma gara ka riƙe shi tun yanzu. Diskirit lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai ne, kamar buhunan masara, ba irin ruwa da ake aunawa ba, ita kuma kwamfuta haka take, 0 ko 1, babu "kusan" a wajenta.

Ɗauki lambar sirrin katin ATM ɗinka. Lamba huɗu ce, kowane gurbi na iya ɗaukar 0 zuwa 9, ka ga 10×10×10×10, wato lambobin sirri 10,000 daban-daban kenan, in aka mayar da ita shida ta koma miliyan ɗaya. Babin ƙirga da kake gudu ke nan fa. Duk "if" (umarnin "idan kaza, yi kaza") da za ka rubuta a kod kuma lojik ɗin George Boole ne na 1854, Claude Shannon ne ya nuna a 1937 cewa ana iya gina shi da makunnan lantarki.

Ni dai babin giraf, wato ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su, ya fi burge ni. In ka tambayi Google Maps hanya daga Kano zuwa Kaduna, garuruwa ɗigo ne a wajenta, tituna kuma layuka ne masu nauyi, wato kowanne da adadin nisansa ko lokacin da yake ci, sai ta nemo wadda ta fi sauri. Asalin abin tun 1736 ne da masanin lissafi Euler ya zauna kan matsalar gadoji bakwai na garin Königsberg, daga baya Dijkstra ya wallafa dabararsa ta nemo gajeriyar hanya a 1959, za ka gamu da ita a kos ɗin algoridim (matakan warware matsala bi da bi) ko ka so ko ka ƙi.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne kafa hujja, musamman indakshan (nuna abu gaskiya ne ga lamba ta farko, sannan in ya tabbata ga wata lamba n to ya tabbata ga ta gaba da ita), don suna haddace ta kamar karatun allo. Kar ka yi haka. Samu biro da takarda ka yi ta warwarewa da hannunka, ko tambaya biyu a rana, in ka maƙale ka gwada da n=1, n=2, n=3 tukuna ka ga yadda abin ke tafiya kafin ka leƙa amsar.